Sulhu Ba Ya Tsayawa Sai da Kotu a Bayansa: Darasi daga Kuala Lumpur



Maganata a yau guda ce: sulhu ba ya kare mai ƙaramin ƙarfi sai in kotu na tsaye a bayansa. Bahaushe bai rasa sulhu ba. Mai unguwa da liman da sarkin kasuwa kullum cikin kashe rigima suke, domin jama'a na tsoron kotu, sun san shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Abin da muka rasa shi ne tsarin da zai sa maganar da aka ƙulla yau a zaure ta ɗaure kowa gobe. A nan ne wannan ƙasa ta Malesiya take da abin koya mana.

Tun 1978 aka kafa cibiyar sasanta rigingimun kasuwanci a nan Kuala Lumpur, wadda aka sauya wa suna zuwa AIAC a 2018. A 1999 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta buɗe cibiyar sulhu tata, sannan a 2012 aka yi dokar sulhu, wadda ta ce yarjejeniyar da aka rubuta aka sa wa hannu ta hau kan kowa, abin da aka faɗa a zaman kuma sirri ne. Amma abin da ya fi kusa da mu yana kotunan shari'ar Musulunci. Jihar Selangor ce ta fara majalisar sulhu a 2002, Kuala Lumpur ta yi nata ƙa'idojin a 2004. A ce matar da aka saki ta kai ƙara kan ciyarwa, ko riƙon 'ya'ya, ko dukiyar da suka tara tare. Kafin a je gaban alƙali sai a zaunar da ita da tsohon mijin a ɗaki, tare da jami'in sulhu da aka horar. Shi ba ya yanke hukunci, saurare yake yana kusanto da su. In sun daidaita, alƙali ya mai da yarjejeniyar hukuncin kotu. In abin ya faskara, a koma shari'a.

Za a ce sulhu hanya ce ta danne haƙƙi, kuma wannan suka tana da tushe. Mun san yadda ake tara dattawa a kan bazawara ko maraya a ce "a yi haƙuri, a bar wa Allah", alhali mai ƙarfi ya riga ya cinye gonar. Sai dai wannan ba sulhu ba ne, fin ƙarfi ne. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal ɓatacce ne. Maganinsa kuwa shi ne ƙofar kotu ta zauna a buɗe: wanda ya san mace na iya tashi ta tafi gaban alƙali ba zai raina ta a zaure ba. Wasu kuma za su ce ba kowace ƙara ce ta sulhu ba. Haka ne, shi ya sa dokar 2012 ta ware manyan batutuwa irin su laifuffuka da ƙarar zaɓe.

Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. Legas ta buɗe kotu mai ƙofofi da yawa, wato wadda ke da ƙofar sulhu ban da ta shari'a, a 2002, Kano ta bi sahu a 2009, Najeriya ta yi dokar sasanci da sulhu a 2023. Abin da ya rage shi ne a haɗa zaure da kotu: a horar da masu unguwanni da limamai da 'yan Hisba, a sa mata cikin masu sulhu, a rubuta kowace yarjejeniya a kai wa alƙali ya tabbatar. Ku ɗaliban shari'a da ke wannan birni, ku nazarci yadda majalisar sulhu ke aiki kafin ku koma gida, domin wannan aiki ku yake jira.