Yaron da Ba Ya Rabuwa da Ciwo

Kafin a buɗe akwatin zubi, ku ara mini 'yan mintuna.

Damunar bara, a wani ƙauye nan ƙasar Babura, wata 'yar ƙungiya ta ci bashi sau uku cikin wata biyu, duk a kan yaro ɗaya ɗan wata 14. Farko gudawa, ta lafa sai zazzaɓi, sai kuma tari. Maƙwabta suka ce haƙori ne, kakarsa ta ce ya sha ciki. Da muka zagaya masa ma'aunin dantse, sai ya tsaya a kan ja. Ashe tamowa ce take buɗe wa cututtukan nan ƙofa.

Ga yadda abin yake. Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba, garkuwar jikinsa rauni take yi. Gudawar da ɗan maƙwabta zai yi kwana biyu ya miƙe, shi sai ta kwantar da shi mako guda. Gudawar ta wanke ɗan abin da ya ci, zazzaɓi ya kashe masa son abinci, in kyanda ce ta ƙarar da bitamin A na jikinsa. Ya tashi ya fi da ramewa, ciwo na gaba ya same shi ba ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 na da nasaba da rashin abinci mai gina jiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa tsawonsu bai kai na shekarunsu ba.

Inda muke kuskure, iyayena ku yi mini afuwa, shi ne janye abinci idan yaro na gudawa, wai a bar ciki ya huta. A'a. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi kunu kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. In ya warke, a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube.

Kunun ma ba tsararo ba. Gero gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1: a soya kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare. A dama da kauri, a barbaɗa garin zogale. Wannan daga wata 6 ne. Kafin nan nono zalla, ko ruwa ba a ba shi.

Allurar kyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da damina, kar a ajiye shi a kan taga, a ba shi duk kwanakin. In kuwa kuka ga ƙafafu biyu sun kumbura, ko yaro ya ƙi nono, ko ma'auni ya nuna ja, asibiti ranar, ba kyamis ba. Yaron da na ba ku labari, madarar gyaɗar nan ta leda aka ɗora shi a kai na wasu makonni, yanzu yana gudu tsakar gida. Ita madarar magani ce, ba ta rabo da yayye ba, balle ta kaiwa kasuwa.

Shawarata ita ce: da kaka, lokacin da gero da gyaɗa suke araha, mu ware wani abu daga asusun taimako mu saya mu ajiye, don daga Yuni zuwa Satumba rumbu yake yin ƙasa, ciwo kuma ya yi yawa. Shugaba, in an gama zubi sai a ji ra'ayin kowa. Mako mai zuwa kowace ta zo da ɗanta mai wata 6 zuwa shekara 5, zan taho da ma'auni.