Jawabin Shugaban Kwamitin Shirye-shirye a Wajen Ƙaddamar da Gasar Gudun Fanfalaƙi ta Rabin Zango

 

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni, hakimai da dagatai, malamanmu da iyayenmu, jami'an tsaro da na lafiya, 'yan jarida, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Abin da ya tara mu yau shi ne ƙaddamar da gasar gudun fanfalaƙi ta rabin zango a wannan gari namu, wadda za a buɗe da atisayen yoga da sassafe, a rufe da kaɗe-kaɗe a filin Allah da yamma. Tsawon hanyar kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato rabin cikakken zango mai kilomita 42 da mita 195, ma'aunin da ya samo asali daga wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908. Ba mu ne muka fara ba a ƙasar nan. Legas tana yin cikakken zango tun 2016, a shekarun farko masu gudu kan tashi daga babban filin wasa na Surulere su ratsa wata doguwar gada ta kan ruwa. Okpekpe a Jihar Edo tana yin na kilomita 10 a kan tsaunuka. Kaduna ta yi nata na rabin zango a 2020.

Sai dai duk wanda ya bi waɗannan gasanni ya ga abu guda: manyan kyaututtuka kusan kullum Kenya da Habasha suke tafiya. Ba na jin haushinsu, gumi suka zubar. Amma ina tunatar da matasanmu cewa Abebe Bikila, sojan Habasha da ya ci zinare a birnin Rum a 1960, ba takalmi a ƙafarsa ya yi gudun nan. Abin da ya riƙa shi ne horo da naci. A nan gida, yaran Pankshin da kewayenta a Jihar Filato su ne suka daɗe suna riƙe mana tuta a dogon gudu. To, yaron da yake taka sayyada daga ƙauye zuwa makaranta kullum, da bafulatanin da yake bin shanu daga hantsi zuwa faɗuwar rana, me ya rage musu? Mai horarwa, da abinci mai gina jiki, da fagen da za a gan su. Fagen ne muka kawo yau. Shi ya sa kwamiti ya ware kyauta ta musamman ga 'yan gida, maza da mata, dabam da ta baƙi.

Amma ranka ya daɗe, yawancin waɗanda za su fito ba kofi suke nema ba, kuma su na fi damuwa da su. Mun zama mutanen zaune. Daga ƙofar gida sai babur, daga babur sai shago ko ofis, da dare a ɗora tuwo a kai a kwanta. Hawan jini da ciwon sukari sun shiga gidajen da a da ba a san sunansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ya yi rajista a wannan gasa dole ya riƙa fita bayan sallar asuba na tsawon makonni kafin ranar, kuma wannan fitar ita ce ribar da muke kwaɗayi.

Ga masu shiga a karon farko ina da 'yar shawara. Kada ka sa sabon takalmi ranar gasa, zai sa maka kanta kafin ka yi nisa. Kada ka biye wa na gaba a farkon tashi, domin wajen kilomita 15 ne ƙafa take yin nauyi, maƙogwaro ya bushe, mutum ya fara tambayar kansa wa ma ya aike shi. Sannu ba ta hana zuwa. A kowace tashar ruwa ka karɓi kofi daga hannun yaranmu masu aikin sa kai, ka kurɓa kaɗan, ka zuba saura a ka. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tukuna. Motar asibiti za ta riƙa bin mutum na ƙarshe, kuma ba za a buɗe titi ba sai ya wuce.

Batun yoga, na san an yi ta ƙus-ƙus a kai, gara in faɗe shi a gaban malamai. Daga Indiya ya fito, kuma can yana da alaƙa da addinansu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga watan Yuni tun 2014 saboda amfaninsa ga lafiya. Abin da za a yi a filinmu shi ne miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi, don kada jijiya ta ɗaure mai gudu a hanya. Babu rusunawa ga wani abu, babu ambaton wani abin bauta. Maza suna gefensu, mata suna nasu a killace da mai koyarwa mace. Malaman da suke son su gani da idonsu, ƙofa a buɗe take.

Kiɗa kuwa ba sai na kare shi ba. Yaushe Bahaushe ya taɓa yin aikin ƙarfi ba ganga? Ranar gayya gangar noma ce take tayar da manoma. A fagen dambe, marigayi Ɗan Anace yana buɗe baki sai ɗan dambe ya manta da ciwo. Saboda haka za a tsayar da makaɗan kalangu a manyan mararrabu su riƙa zuga masu gudu, da yamma kuma mawaƙan gargajiya da na zamani su hau dandali ɗaya. Sharaɗinmu da su a rubuce yake: ba batsa, ba zambo, ba siyasa, kuma da an kira salla a ajiye kayan kiɗa.

Ina neman afuwar 'yan adaidaita sahu, da direbobi, da 'yan kasuwar da za a rufe wa hanya na wasu sa'o'i. Za a sanar da titunan a gidajen rediyo tun da wuri. Ina roƙon masu unguwanni su sa a share hanya, a ɗaure dabbobi, iyaye su riƙe ƙananan yara a gefen titi. Masu hali kuma, ku ɗauki nauyin rajista da takalmin yaran da ba su da shi.

Da izinin mai martaba, da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan gasa, kuma rajista ta buɗe daga yau. Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.