Galtimari Bayan Janyewar Ruwa



Duk wanda asubahin 10 ga Satumba, 2024 ya riska a unguwar Galtimari da ke garin Yerwa, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya ratsa unguwannin Fori da Gwange har ya kai fadar Shehun Borno, ba ya buƙatar malamin da zai fassara masa ma'anar jarrabawa. Amma abin da ya fi cancantar tadabburi shi ne abin da ya biyo baya: magidanta sun dawo daga sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi da shebur a kafaɗa, suna kwashe taɓo daga ɗakuna, mata suna shanya tabarmi da littattafan yara a rana, alhali shaidar ruwa na kwance a jikin bango sama da tsayin mutum, kuma maƙwabci yana ciyar da maƙwabci kafin tallafin hukuma ya iso.

Sai dai zumunci ba ya gina madatsa. Tun da yake ruwan nan na Alau ya taɓa cin garin a 1994, wajibi ne a kan hukuma ta kammala gyaran madatsar bisa amana, ta yashe magudanai, ta sama wa masu gini a bakin kogi matsuguni a kan tudu. Domin tawakkali na haƙiƙa yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa Yerwa da alheri.