Jawabi a Kan Birnin Surame

 

Ni aikina rubuta shari'a ne, na kuwa lura magana komai daɗinta ba ta tsayawa gaban alƙali sai da shaida. Saboda haka yau zan yi muku zancen wata shaida ta dutse, watau ganuwar Surame.

Tun 1991 mu mutanen Zuru muke cikin jihar da aka ba sunan Kabi. To, wannan suna a Surame ya yi ƙarfi. Muhammadu Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka komo suka saɓa a kan rabon ganima, wajen 1516. Kanta ya tsaya da ƙafarsa, Askiya ya aiko da runduna, ba ta iya da shi ba. Sa'an nan Kanta ya mai da Surame babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwa ta duwatsu da laka, alhali kuwa Kano da Katsina da Zariya da ƙasa suka gina tasu. Masu tarihi suka ce ƙasashen da ke biyansa gandu su suka aiko da magina.

Wajen 1700 Sarki Tomo ya tashi daga Surame ya koma Birnin Kabi. Cikin 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa suka kafu a Argungu. Surame, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato, ya zama kufai, amma ragowar ganuwa da gurbin ƙofofi suna nan. Cikin 1964 Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta tsare. Wanda ya tafi can, ya biya ta Argungu ya ga Gidan Tarihi na Kanta, da kogin Matan Fada inda ake bikin su.

Ga roƙona. Doka a takarda take, ba ta gadin dutse. In shaida ta ɓace, gobe jikokinmu za su yi gardama a kan tarihinsu ba mai raba su. Kowa ya fita rangadi ya ga tsohuwar ganuwa ko kufai, ko a kan duwatsun ƙasarmu ta Zuru ne, ya tambayi dattawa, ya rubuta, ya kawo ofis a ajiye.

Allah ya taimake mu. Haza wasalam.