Haƙoran Yaron da Ya Warke Daga Ciwon Daji

Maganata yau a kan yaran da aka yi wa jinyar ciwon daji suna ƙanana, suka warke, aka dawo da su gida.

Ɗaya daga cikin ciwon dajin da ya fi kama yara a ƙasarmu shi ne wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a shekarar 1958, har ake kiransa da sunansa. Yakan fara da kumburin muƙamuƙi, haƙora su yi ta girgiɗa ba lokacin famfara ba. Kada a ce ciwon haƙori ne a tsaya ana shafa magani. A kai yaron babban asibitin Kazaure, idan ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan ciwo yana jin magani idan an zo da wuri.

To, amma magungunan da ke kashe ciwon suna taɓa duk abin da ke girma da sauri a jiki, har da haƙoran girma da ke ɓoye cikin dasashi. Waɗannan haƙora tun yaro yana goye suke fara ginuwa, sai ya kai wajen shekara 6 zuwa 12 su fito. Shi ya sa illar ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da iyaye sun manta da asibiti. Wanda aka yi wa jinya kafin ya cika shekara 5 ya fi shiga haɗari. Wani haƙorin ya fito ɗan tsito, wani saiwarsa gajera, wani da tabo mai saurin ruɓewa, wani kuwa ba zai fito ba sam. Ba sammu ba ne, ba kuma alama ce cewa ciwon ya dawo ba.

Yaron da aka yi wa gashi da na'ura a kai ko a wuya, nasa ya fi tsanani. Miyau yakan ragu, baki ya bushe, haƙora su ruɓe da sauri. Ƙashin muƙamuƙinsa kuma ba ya warkewa da wuri, har ya girma. Saboda haka kada a taɓa kai shi wurin wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa. Ramin zai iya ƙin warkewa, ƙashin ya mutu.

Iyaye, ku adana katin asibiti kamar takardar gona, domin likitan haƙori zai so ya san wane magani aka ba yaron, yana da shekara nawa. A kai shi a duba bakinsa kowane wata 6, ko ba ya kukan ciwo. Ya goge baki safe da dare da man goge baki, a rage masa alewa da lemon kwalba. Dattawa kuma, idan kuɗin mota zuwa Kano ne ya gagari iyali, wannan magana ce da ya kamata ta zo gaban kwamiti.