Kwangilar Gwamnati: Yadda Masu Sana'ar Garinmu Za Su Shiga Takara da Sunansu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

An nemi in yi magana a kan kwangilar gwamnati, alhali kuwa ni ba ɗan kwangila ba ne, malamin makaranta ne. Sai dai duk wanda ya riƙe makarantar firamare shekaru da dama ya ga 'yan kwangila iri-iri, ya kuma zauna a cikin aikinsu.

Wata shekara aka kawo wa makarantar da nake shugabanta bencina da tebura. Da na duba aikin sai na gane hannun wani kafinta na garin nan, wanda ma na koyar da shi a aji huɗu. Na tambaye shi, ya ce lalle shi ya yi su, amma wani baƙo ne ya samu kwangilar, ya zo ya yi ciniki da shi, ya biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Na ce me ya hana ka nema da kanka? Ya ce, "Malam, ai ba ni da takardu." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Har yau wannan amsa tana damuna, domin kafintocinmu da magina da maƙera da teloli sun iya aiki, takarda ce ta tsare musu hanya.

Yana da kyau mu san cewa bayar da kwangila yana da doka. A shekarar 2001 gwamnatin Obasanjo ta kafa ofishin bin ƙa'ida wajen bayar da kwangila, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta. A watan Yunin 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangilolin gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Wannan doka ta Tarayya ce, amma jihohi irin su Kaduna da Jigawa da Kano suna da nasu dokokin da hukumomin, kuma tsarin ya yi kama da juna. Ginshiƙin dokar shi ne a tallata aiki a fili, duk wanda ya cancanta ya nema, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, sannan a ba wanda ya cika dukkan sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ku lura da wannan jeri: cika sharuɗɗa ne farko, farashi daga baya. Wanda takarda ɗaya ta ɓace masa, ba za a ma duba farashinsa ba.

To, waɗanne takardu ne? Na farko, rajistar kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani. Na biyu, shaidar biyan haraji ta shekara uku. Na uku, idan aikin na Gwamnatin Tarayya ne, akan nemi shaida daga Hukumar Fansho, da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, gwargwadon girman kamfanin, tare da shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP. Sai kuma shaidar ayyukan da mutum ya taɓa yi, da wasiƙar bankinsa. Yawancin takardun nan sabunta su ake yi kowace shekara. Saboda haka wanda ya jira sai ya ga talla a jarida sannan ya fara nemansu, kafin ya gama an rufe akwati.

Akwai kuma batun kuɗi. A manyan ayyuka akan nemi mai nema ya kawo lamunin banki da bai wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin da ya sa ba. Idan ya yi nasara, ana iya ba shi kafin alƙalami, wanda dokar 2007 ta ƙayyade a kashi 15 cikin ɗari, gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na cikin gida, shi ma sai da lamuni. Sauran kuɗin sai an duba aiki. Don haka duk wanda ya karya farashi fiye da kima don ya ci takara, ya haƙa wa kansa rami: ko ya bar aikin a hanya, ko ya rage siminti. Na taɓa ganin ajin da aka gina a rani, iskar damina ta farko ta kwashe rufinsa, yara suka koma gindin bishiya. Araha ba ta ado.

Wanda yake ganin an zalunce shi yana da hanyar kuka. Dokar Tarayya ta ba shi kwanakin aiki 15 ya rubuta ƙorafi ga shugaban ma'aikatar. Idan bai gamsu da amsa ba ya kai ga BPP, daga nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya. Ba zan ce muku komai yana tafiya yadda doka ta tsara ba, domin duk mun san sanayya da siyasa suna shiga ciki. Amma wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana, wanda ba shi da su kuwa ya ba da hujjar a ture shi tun daga ƙofa.

Yanzu na zo kanku, 'yan'uwa mazauna birane. A cikin zauren nan akwai akantoci da lauyoyi da injiniyoyi da masu ƙididdigar kayan gini, akwai kuma waɗanda suka yi ritaya daga sashen bayar da kwangila. Abin da kuke yi cikin minti talatin a ofis, shi ne ya gagari kafintan can shekara da shekaru. Ina ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, a shirya bita ta kwana biyu a lokacin hutun Sallah, sa'ad da kowa yake gida, a koya wa masu sana'a da harshen Hausa yadda ake rajista, da karanta tallar kwangila, da lissafin farashi, da cike takardun nema. A kawo tsohuwar talla ta gaske a bi ta layi-layi, kamar yadda muke yi wa ɗalibai da tambayoyin jarrabawar da ta wuce. Ta biyu, a naɗa mutum biyu ko uku su riƙa bibiyar jaridu da mujallar tallar kwangiloli ta Tarayya da shafukan ma'aikatu na intanet, su sanar da gida a kan lokaci. Ta uku, a ƙarfafa wa ƙananan masu sana'a gwiwa su haɗa jari su nemi aiki tare, su fara da ƙananan ayyukan ƙaramar hukuma, kamar gyaran aji ko ɗinkin kayan asibiti, har su tara shaidar aiki. Kada a manta da mata, domin ɗinki da girki da samar da kayan ofis duk kwangila ne.

Sai dai ina da gargaɗi ga waɗanda ke bakin aiki. Ku koyar, amma kada ku fitar da sirrin farashi, kada ku sa baki a ba ɗan garinku. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga wanda ya yi maguɗi a harkar nan, kamfani kuma a hana shi kwangila na aƙalla shekara 5. Ba mu tura ku birni don ku dawo mana da abin kunya ba. Ku kuma masu neman kwangila, ku tuna ajin da za ku gina, jikokinmu ne za su zauna a ƙarƙashin rufinsa.

Ina roƙon shugabanni kada a tashi taron nan sai an rubuta sunayen waɗanda za su koyar a bitar farko. Ni kuma, in dai allo da alli ne, ina nan.