Jirgin Sama Takarda Ya Sani: Jawabin Ofishin Sakatare a Taron Cikar Shekara



Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa na New Bell da waɗanda suka taso tun daga Logbaba, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Iyayenmu sun yi fatauci da jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, daga can mota ta kai su Garwa, Marwa ko Mubi. Direba ya san mai kaya, mai kaya ya san gidan direba, magana ɗaya ta isa. Yau da yawanmu filin jirgin Douala muke nufa: wani ya bi Addis Ababa da Ethiopian zuwa Dubai ko Guangzhou, wani ya bi Turkish zuwa Istanbul, wani ASKY ta Lome. Mun riƙe halin amana, alhamdulillah. Amma kamfanin jirgi bai san fuska ba, bai san rantsuwa ba. Takarda ya sani.

A bana wata hajiya daga cikinmu ta dawo da akwati huɗu, uku suka fito. Ma'aikaci ya ce mata ta dawo gobe, ta yarda, ta tafi gida. Sai bayan wata guda ta zo ofishinmu, ba takardar ƙorafi, ƙaramar takardar lambar akwatin ma ta ɓata. Mun yi zirga-zirga har muka gaji. Jarinta na rabin shekara ne a ciki, har da kuɗin mutane.

Don haka ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe.

Na farko, 'yar takardar da ake liƙa maka bayan an auna kaya, ita ce shaidarka. Ka ɗauki hotonta da waya. Idan kaya bai fito ba, kada ka bar fili sai an cike maka takardar ɓatan kaya, an ba ka lamba.

Na biyu, akwai wa'adi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Kamaru da Najeriya suke ciki, ta ba ka kwana 7 ka rubuta ƙorafi idan akwati ya lalace, kwana 21 idan ya makara. Idan kwana 21 suka wuce bai iso ba, kana da haƙƙin neman diyya. Sai dai diyyar tana da iyaka, ko zinariya ce a ciki, sai in ka bayyana darajar kayan tun farko ka biya ƙari. Saboda haka kuɗi, waya da gwal su zauna a jakar hannu. Kaya masu yawa a tura ta kago, da rasit.

Na uku, kilo. Kafin ka biya ɗan ajans, ya nuna maka a rubuce akwati nawa tikitin ya ba ka. Galibi kilo 23 ne kowane akwati. Tikiti mai araha sau da yawa ba a canja masa rana sai da tara, ba a kuma mayar da kuɗi. Araha ba ta ado.

Na huɗu, a isa fili da wuri, awa uku kafin tashi. Kamfanoni kan sayar da tikiti fiye da kujeru, don sun san wasu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, na baya ake bari.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi: saƙo. Duk abin da ke cikin akwatinka, sunanka ke kai a wurin duwan da 'yan sanda. Kada kunya ta sa ka karɓi ƙullin da ba ka buɗe ba, ko na ɗan uwa ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin a buɗe.

Ofishinmu a buɗe yake. Wanda faransanci ko turanci ke ba shi wuya, ya kawo tikitinsa mu karanta tare kafin tafiya, ba bayan ta ɓaci ba.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu. Wassalamu alaikum.